Makunnin da Sagir ya hana ni taɓawa

Shekara ashirin ke nan da rasuwar ƙanena Sagir. Da za a ce in zaɓi abu ɗaya da na aikata a warware mini shi, ba zan tsaya tunani ba. Wani ɗan makunni ne a fuskar kwamfuta, bai kai ƙwayar wake ba, wanda na danna da hannuna shekara uku bayan mun binne shi. Ya hana ni taɓa shi da bakinsa, ya kuma hana ni a rubuce. Na karanta, na gane, na danna. Duk shekara idan wannan wata ya zagayo nakan ɗauki biro don in rubuta wani abu a kansa, sai in ajiye, saboda na san ba yadda zan yabe shi ban tona kaina ba. A bana, tsoro ya fi ƙarfin kunya.

Ni karatuna bai yi nisa ba. Na gama firamare, na yi wata tara ina koyon keken rubutu, na shafe shekaru da tebur a gindin bishiya kusa da sakatariyar ƙaramar hukuma ina buga wa mutane takardun koke. Da soja suka koma bariki aka miƙa mulki ga farar hula, sai gari ya ɗan buɗe, kowa yana neman a buga masa takarda. Na kama shago a Gyadi-Gyadi, na sayi tsohuwar kwamfuta da firinta. Ɗaliban aikin jinya na asibitin koyarwa su ne suka fi kawo mini aiki. Sagir, wanda na ba shekara goma sha huɗu, ya gama karatun kwamfuta a jami'a ya dawo yana jiran aiki, sai ya mayar da kusurwar shagon wurin zamansa. Shi ba ya buga takarda. Manhaja yake rubutawa, layi bisa layi, kokonsa a gefe ya huce har ya yi fata bai tuna da shi ba.

Akwai wani ƙaramin ɗakin gwajin jini mai zaman kansa a Tarauni. Ba zan faɗi sunansa ba, an daɗe da rufe shi, kuma mutanensa ba su ne suka yi laifin ba. Da hannu suke rubuta sakamako. Mai wurin abokina ne, masallacinmu ɗaya, sai na yi masa alfahari cewa ƙanena zai yi musu manhajar da za ta riƙa buga takarda tsaf. Tsarin mai sauƙi ne. Ma'aikaci zai yi gwaji, ya rubuta a babban littafinsu, ya shigar a kwamfuta, ita kuma ta fitar da takarda mai suna da sakamako. Babban aikinsu gwajin sikila ne, wato a gane mutum AA ne, ko AS, ko SS. Masu shirin aure ne suka fi zuwa, don an fara wayar wa mutane kai cewa idan AS ya auri AS, suna iya haihuwar mai SS, yaron da zai rayu da ciwon ƙashi da ƙarancin jini.

Ana saura kwana uku mu kai aikin, Sagir ya ce, "Yaya, a ƙara mini sati biyu."

"Ba jiya na ga tana bugawa ba?"

"Tana bugawa. Amma sa'a ce ta sa take bugawa daidai."

Ya jawo kujera ya ce in ɗauki cikin kwamfuta kamar gidan haya mai ɗakuna da yawa, irin waɗanda suka cika unguwarmu. Duk wanda aka shigar da sunansa, ana kama masa ɗaki a zuba bayanansa. Akwai wani abu da masu sana'arsu suke amfani da shi, ya ce in kira shi manuni mai wayo. Shi yake riƙe makullin ɗakin, yana nuna inda ɗakin yake, kuma da an gama da shi, da kansa yake mayar wa mai gida makulli ba sai an tuna masa ba. Amfaninsa ke nan. To a wuri ɗaya cikin rubutun Sagir, sashen da yake buga takarda yana komawa ɗakin ya ɗauko sakamako bayan manuni ya riga ya mayar da makulli. Ta taga yake shiga ke nan, ɗakin da ya tashi daga nasa.

Na ce, "To ba yana samun kayan a ciki ba?"

"Yana samu, don ba a riga an taɓa su ba. Amma ba wanda ya yi mini alkawarin haka. A dokar wannan yare da nake rubutu da shi, idan ka shiga ɗakin da ka mayar, ba su ce abu zai lalace ba, ba su ce zai yi daidai ba. Shiru suka yi. Shirun nan nake tsoro, Yaya."

Sannan ya yi mini bayanin abu na biyu. Abin da mutum ya rubuta, inji ba ya ganewa kai tsaye. Akwai wata manhaja da suke kira kompaila, ita take juya shi zuwa abin da inji yake ji. Ya ce in ɗauke ta a matsayin tafinta. Idan ka bar ta a hankali, duk abin da ka faɗa za ta maimaita, har da surutun da ba shi da amfani. Idan ka kunna mata makunnin sauri, sai ta fara dabara. Ta taƙaita, ta sake jeri, ta zubar da abin da ta ga ba a buƙata. Kuma tana yin haka ne bisa zaton kai mai bin doka ne. Idan ta ga an ce a kai kaya ɗaki, kuma nan take za a mayar da makullin ɗakin, sai ta ga wahalar banza ce tunda ba mai sake shiga, ta fasa kai kayan. Mai shiga ta taga ya zo, ya tarar da kayan ɗan hayan da ya tashi kafin wannan, ya kwasa ya fita da su.

Na saurare shi kamar yadda ake sauraron yaron da karatu ya yi wa yawa. Na riga na yi wa mai ɗakin gwajin alkawarin ranar Asabar, a gaban mutane, a ƙofar masallaci. Na ce, "Sagir, na girme ka, kuma na riga ka hulɗa da jama'a. Tunda tana aiki, Asabar za mu kai."

Bai yi mini musu ba, ba halinsa ba ne. Ya ce, "To, Yaya. Amma ka yi mini alkawari ɗaya. Makunnin nan ba mai taɓa shi sai na gyara."

"Na yi. Kai da tafintarka, kamar wata surukarka kake tsoronta."

Ya yi dariya, amma sai da ya ɗauko littafin da yake rubuta mini matakan haɗa manhajar, ya rubuta gargaɗin a saman shafi, ya ja masa layi biyu. Bayan nan, duk lokacin da ya zauna zai yi gyaran sai in kawo masa wani aikin, in ce wancan ai yana tafiya. Wata huɗu bayan haka motar da ya shiga ta yi hatsari a hanyar Zariya. Da la'asar aka kawo mana shi, kafin magariba an yi masa sutura.

Shekara uku manhajar tana aiki ba wanda ya kawo ƙara. Sai ɗakin gwajin suka sayi sabuwar kwamfuta, tsohuwar manhaja ta ƙi tashi a kanta. Aka aiko mini. Ina da rubutun Sagir a faifai, ina da littafinsa, na kuma sha ganin yadda yake yi. Na samo sabuwar kompaila wurin masu sayar da kayan kwamfuta, na bi matakan ɗaya bayan ɗaya har na iso wurin makunnin. Littafin yana buɗe a gabana. Ba zan ce ban gani ba.

Ga abin da ya ruɗe ni, kuma ina faɗa ne don a gane, ba don a yi mini uzuri ba. A sana'ata, kwafi kwafi ne. Ko na buga wasiƙa da sauri ko a hankali, kalmominta ba sa canzawa. Duk bayanin da Sagir ya yi mini bai fitar da wannan tunani daga kaina ba. A ganina tafinta ma mai buga takarda ce kamar ni, abin da aka ba ta shi za ta fitar. Kuma masu ɗakin gwajin sun daɗe suna ƙorafin layi yana tsawo. Ina son a ce na gyara abin da ko mai shi bai gyara ba. Na danna.

Har gwaji na yi, kuma yadda na yi shi ne abin da ya fi damuna idan na tuna. Na shigar da sunana, da na matata, da na maƙwabta uku. Kowanne na sa masa AA, don su ne haruffan da suka fi sauƙin bugawa. Takardu biyar suka fito cikin ƙiftawar ido, duka AA. Na ce alhamdu lillahi. Da na sa wa ɗaya daga cikinsu AS, mai yiwuwa da a ranar na kama ta.

Mai ɗakin gwajin ya ga saurin ya ce, "Malam Habu, ashe kai ma injiniya ne kake ɓoye mana." Maganar ta yi mini daɗi ƙwarai. Kafin shekara ta ƙare na sa wa wasu ƙananan ɗakunan gwaji biyu manhajar, ɗaya a Unguwa Uku, ɗaya ta wajen Ƙauyen Alu.

Shekara biyu da rabi aka yi. Wata safiya Sista Hauwa ta aiko a kira ni. Ma'aikaciyar jinya ce da take taimakawa a ɗakin gwajin na Tarauni, kuma ni na buga mata takardun kammala karatunta tun tana ɗaliba. Na tarar da ita tare da mai wurin da wani matashi mai tuƙa Adaidaita Sahu, sunansa Iliyasu. Daga ƙauye ya zo neman abinci, yana haya a Darmanawa. 'Yarsa Zainab, mai wata goma, hannuwanta da ƙafafunta sun kumbura, kuka ba dare ba rana, a asibiti aka ce SS ce. Matarsa ta san ita AS ce tun kafin aure, shi ya sa iyayenta suka ce sai ya kawo takarda. Yana riƙe da takardar, an yi mata leda, ba ko lanƙwasa. Sunansa ne a sama, AA a ƙasa.

"Sista, ni fa ban iya karatu ba," in ji shi. "An ce in kawo takarda, na kawo. Surukina har wurin malamin makaranta ya kai aka duba masa, aka ce lafiya lau. To ina aka samu wannan?"

Sista ta buɗe babban littafin na rubutun hannu, ta nemo ranar. A gaban sunan Iliyasu an rubuta AS. Mai gwajin bai yi kuskure ba. Ta ɗora yatsa a layin da yake samansa. Wanda ya riga shi AA ne.

 Nan take na tuna kayan ɗan hayan da ya tashi. Mai wurin ya girgiza kai ya ce, "Aikin marigayi ne. Allah ya jiƙansa, kowa yana kuskure." Ina tsaye, na ji da kunnena an ɗora wa Sagir, na ce amin.

Da rana Sista ta biyo ni shago muka jera tsohuwar manhaja, wadda take kan tsohuwar kwamfutata, da sabuwa. Ta ce in riƙa cuɗanya sakamakon. Tsohuwar ba ta ɓata ko ɗaya ba. Sabuwar ta yi daidai, ta yi daidai, sai da muka buga takardu a jere ba tsayawa ta ba wani sakamakon na gabansa. Ba kullum take yi ba. Kuma tunda yawancin mutane AA ne, sau da yawa na gaba da na baya iri ɗaya suke, shi ya sa ba wanda ya lura. Sista ta dube ni ta ce, "Baba, me ya bambanta su?"

Na ce ban sani ba.

Ɗakin gwajin suka koma rubutun hannu a ranar. Sista ta bi littafin tana neman mutane, amma da yawa ba su bar lambar waya ba, wasu 'yan haya ne sun tashi, wasu sun koma garuruwansu. Ni kuma na je Unguwa Uku na cire manhajar, na ce musu ta tsufa ne kawai. Ban gaya musu dalili ba, don haka ba su nemi kowa ba. Na Ƙauyen Alu na tarar sun rufe, an sayar da kwamfutar, ba wanda ya san wa ya saya. Har yau ban san ko an goge ta ba, ko tana wani gari tana bugawa.

Wani lokaci ina zaune a ƙofar shago ina tunanin me Sagir zai ce da ya ga yau. Katin asibiti ya koma cikin kwamfuta. Sakamakon jarrabawa a waya yake zuwa. Mai shayi ma yana da na'urarsa ta karɓar kuɗi. Na san zai yi murna, don ya sha gaya mini ranar tana zuwa ina yi masa dariya. Amma na san kuma zai tambaya: wa ya rubuta, wa ya haɗa, an ba shi sati biyun da ya nema? Matasa masu wannan karatu da suke shigowa shago sun ce mini tafintocin yanzu sun fi na da dabara nesa ba kusa ba, sun ce an kuma ƙirƙiro hanyoyin kama irin wannan kuskure tun kafin ya fita. Na farkon ya fi zama a raina. Duk inda na ga an miƙa wa mutum takarda mai zafi daga firinta ya karɓa da hannu biyu, gabana faɗuwa yake yi. Mutanenmu suna gaskata abin da inji ya buga fiye da abin da hannu ya rubuta. Ni na ci abinci da wannan gaskatawa shekaru da yawa.

Shagona bai da nisa da hanyar asibiti. Duk yaron da aka wuce da shi idonsa ya yi rawaya, sai in kama kaina ina ƙiyasta shekarunsa. Har yanzu ina buga katin ɗaurin aure, kuma idan angon babba ne sai in ji kamar in tambaye shi a ina ya yi gwajinsa, yaushe. Akwai kuma waɗanda ba a ko maganarsu, waɗanda AA ne takarda ta ce AS, aka fasa aurensu, kowa ya kama gabansa saboda cutar da babu ita.

Iliyasu bai daina gaishe ni ba duk waɗannan shekaru. Idan ya gan ni a bakin titi sai ya tsaya ya ce, "Baba, ina zuwa? Shigo mana." A saninsa ni ne dattijon da ƙaninsa ya yi kuskure ya mutu ya bar shi da kunya. Makon jiya, kafin in fara wannan rubutu, na je gidansa a Darmanawa. Zainab tana da shekara goma sha biyar yanzu. Kwana biyu ke nan da sallamo ta daga asibiti, an ƙara mata jini, tana kwance a tabarma a tsakar gida. Ta yunƙura za ta durƙusa ta gaishe ni, na ce ta kwanta. Muka zauna a soro da ubanta, na gaya masa komai, daga sati biyun har zuwa amin ɗin da na ce.

Ya daɗe yana kallon ƙasa. Na shirya wa zagi, na shirya wa duka ma. Da ya ɗago sai ya ce, "Zainab dai 'yata ce, Baba. Ba zan ce da ba a haife ta ba. Maganar yafiya kuwa ka bar ni tukuna, sai na yi shawara da uwarta, ita take kwana a asibiti." Sannan ya ce, "Amma mu nawa ne?"

Na ce ban sani ba. Wannan karon gaskiya na faɗa.

"To ka je ka nemo su."

Ba ni da hanyar nemo su sai wannan shafi. Sagir bai bar ɗa ba, bai bar gida ba, manhajarsa ma ni na lalata ta. Abin da ya rage nasa shi ne shi ya ga ɓarakar tun ba wanda ya gani, ya faɗa, ya rubuta, kuma shekara goma sha huɗu ana cewa shi ya yi kuskuren ina ji. Duk wanda ya taɓa jin haka, ya sani ba shi ba ne. Allah ya haskaka masa makwancinsa, ya sa kada ya riƙe ni ranar da za mu haɗu.

Ina roƙon mai karatu abu biyu. Idan kai ko wani naka kun yi gwajin sikila a wani ƙaramin ɗakin gwaji a yankin Tarauni wajen shekara goma sha biyar zuwa sha bakwai da suka wuce, kuma kwamfuta ce ta buga takardar, ku je ku sake, ku kai yaran ma. Wanda ya iya karatu ya gaya wa wanda bai iya ba, musamman direbobi da leburori da suka koma gida. Na biyu, duk ranar da wanda ya san aiki ya ce muku bai gama ba, ko da ƙaninku ne, ko da kun yi alkawari a gaban jama'a, ku ba shi lokacinsa. Idan ya ce kada a taɓa wani abu, ku cire hannunku. Ni na taɓa, kuma yarinyar da take biya ba ta ma san abin da na taɓa ba.